Inna Ta Nemi Mahaifinta a Fim Ɗin Yaƙin Bama

Zuwa ga Yaya Wada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyalinka da duk mutanen Gusau kuna lafiya. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma alhamdu lillahi. Tun da aka rushe mana gida a unguwar Nakkasa, nan ƙasa mai tsarki, muke unguwar Tandabawi, ɗaki biyu ne, muna dai maneji.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto maka. Ka san tana cikin mahaifiyarta aka tafi da mahaifinta yaƙin Bama, bai dawo ba, ko hotonsa ba ta taɓa gani ba. Watan jiya ɗana Hisham ya dawo daga tuƙin motarsa a unguwar Aziziyya, ya ce ya samo wani tsohon fim na Turawa a kan wannan yaƙin. Inna ta sa aka matso mata da kujera gaban talabijin, har sabon mayafinta ta yafa kamar za ta tarbi baƙo.

Yaya, tun daga farko har kusan ƙarshe Turawa ne kaɗai. Su ke harbi, su ke mutuwa, su ake kuka dominsu, kowanne da sunansa da matarsa a gida. Sau ɗaya tak aka nuno baƙar fata, suna ƙetare rafi da akwatuna a kai, kuma ta baya aka ɗauke su. Inna ta ce a tsayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ko juyowa ba a bar su sun yi ba."

Hisham ya shiga yi mata bayani, rabi da Larabci, wai haka ake fim a da, kuma waɗannan 'yan wasa ne aka ɗauko haya. Ƙanwarsa Manal ta ce ai laifin ke nan, mutanenmu sun mutu a dajin nan an share su. Ni kuwa na shige kicin, don kada ta ga hawayena.

Tun ranar abincinta ya ragu, masallacin Harami ma ta daina neman a kai ta. Kullum sai ta sa a kunna mata wurin rafin. Ta zaɓi wani dogo a cikinsu, ta ce tafiyarsa irin taka ce. Mun san ba mahaifinta ba ne, amma ba wanda ya iya sake faɗa mata.

Don Allah ka je ƙauye ka tambayi tsofaffin da suka rage, ko akwai mai tuna kamannin mahaifinta. Ko tsayinsa ne kawai, ka aiko mana. Kada ka jinkirta, jikinta ya yi sanyi sosai.

Ka gaishe da Yaya Nasiha da Mujahida da Abdulrazak. Inna na sa maka albarka.

Taka ƙanwa,
Rumasa'u