Watandar Bakin Teku

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randar da na sha na manta da kowace rijiya. Maigidana, uban 'yata, wanda ko sunansa ban taɓa kamawa da bakina ba.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga Gummi, daga ɗakin Inna inda nake zaman wankan jego, zuwa Bukkuyum inda kake kai kaɗai, ni kuwa ina nan ina ta saƙe-saƙen ko ka ci abinci ko shayi kawai ka kurɓa ka fita. Baƙuwarmu tana lafiya. Ta ɗauko goshinka, ta ɗauko wannan kallon naka na mutumin da ya san wani abu ya ƙi faɗa. Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya kullum. A waya kana da dabara: da na ɗauko magana sai ka sa ni dariya, in dariyar ta ƙi, sai sabis ya ɗauke. Takarda kuwa dole ka karanta ta har ƙasa.

Tun bayan suna, bakinka bai huta da zancen tsibirin nan ba. Ka turo mini hotunansa har wayata ta cika: siririn tsibiri ne dogo kamar kunyar gona, can gaba da Legas, teku na dukansa ta gaba, wani ruwa kwantacce ya raba shi da gari ta baya, sai an shiga kwale-kwale mai inji ake isa. Ga farin gida a tsakiyar itatuwan kwakwa. Ka ce ba haya ba ce, kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Masu gidan suna da yawa, kowa da makonsa a shekara, idan naka ya zo ka shiga, idan ya ƙare ka tattara ka ba na gaba wuri. Namu makon ya faɗo bayan na gama wanka. Da na yi wa Inna bayani sai da ta ajiye maficinta don dariya. Ta ce ita dai watandar sa ta sani, a yanka a kasa nama kowa ya ɗauki kasonsa; ba ta taɓa jin an kasa ɗaki ba, kuma tana so a tambaya mata wa ke samun kai da ƙafafu.

Ni ban yi dariya ba, murna na yi. Wayyo, murnar da na yi! Na sa an daka mini yaji da garin kunu, na ware zanen gadona domin ba zan kwanta a kan wanda ban san wa ya tashi a kai ba, na sayi sabuwar buta, har na tambaye ka ina alƙibla take a gidan, ka ce mu bari sai mun je. Ta yaya ba zan yi murna ba, alhali na san daga inda zancen ya taso? Ka tuna satin da aka kai ni gidanka, da muka zo gaida su Inna, gulbi ya cika ya batse, muka shiga kwale-kwale? Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa, na ƙanƙame gefen jirgin ina salati da ƙarfi, matan da ke ciki suna ƙunshe dariya. Kai kuwa ka cire hularka sabuwa fil kana kwalfe ruwan da ita, kana cewa wannan ai kududdufi ne, wata rana sai ka kai ni ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa. A ranar na fara sonka da gaske, ya hasken gidana, kana tsugune da jiƙaƙƙiyar hula a hannu. Don haka da ka ce teku, sai na ce mutumina ya tashi cika alkawari.

To amma mai jego ba ta da aiki sai tunani, kuma tunanin nan ya ƙi barina. Da farko na ce ko 'yan damfara ne suka sayar maka da hoto. Sai na tuna kai ne mutumin da ba ya yarda zinare zinare ne sai ya goga ya ƙona ya sake dubawa. Wa zai sayar maka da gidan da babu shi? Na ajiye wannan. Har na ɗan leƙa wani zargin da mata kan leƙa, na ji kunyar kaina na dawo, domin mai ɓoye-ɓoye irin wannan ba ya gayyatar yayan matarsa.

A nan kuwa zuciyata ta fara tsayawa. Me ya sa sai da Yaya Umar Faruk? Ka nace, ka kira shi da kanka, ka ce lallai ya shirya ya bi mu, wai don ya riƙe mana kaya. Yaya Umar Faruk! Mutumin da ko buhun gawayin gidansa sai ya nemi mai baro! Wane miji ne ke shirya wa matarsa shan iska a bakin teku, a gida mai ɗaki ɗaya da falo, sannan ya jawo yayanta ya zaunar a tsakani? Na juya maganar nan ta kowace fuska, fuska ɗaya kawai ta zauna. Mace ba ta doguwar tafiya sai da muharrami. A tafiya kai ne muharramina. Kana tanadar mini wanda zai dawo da ni ne?

Da na so in ce shaiɗan ne ke raya mini, sai Iya Habsu ta ƙarasa ni. Ka san ita ke yi mini wanka, kuma ka san tana zuba labari daidai yadda take zuba ruwan zafi, ba ta duba inda zai sauka. Tana tsoma ganye a tukunya take gaya mini wai an gan ka a Anka. Ka je wurin kawunka Malam Dalhatu, ka durƙusa a gaban buzunsa ka ce ya yafe maka duk abin da ka taɓa yi masa tun kana ƙaramin ɗalibinsa. Daga nan ka bi gidajen gwaggonninka ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ai zumunci ne, kai mutum ne mai zumunci. Ta ce to Mu'awiya fa? Mu'awiyan da kuka yi shekaru sallama kawai ke haɗa ku tun rigimar ramin haƙar zinare, ka same shi har rumfarsa a kasuwar Bukkuyum, ka riƙe hannunsa ka ƙi saki sai da ya ce ya yafe. Ruwan yana ƙona bayana amma ban ji shi ba.

Sannan ta faɗi wadda ta fi ciwo. Ranar da ka zo duba mu, ashe kafin ka shigo wurina ka tsaya da Inna a soro, ka nemi tata yafiyar ita ma. Inna ta ɓoye mini. Na tambaye ta, ta ce in sha kununa kafin ya huce. Ni kuwa da ka shigo, ka ɗauki yarinya, ka yi mata wasa, ka tsokane ni wai na yi ƙiba jirgin ruwa ba zai ɗauke ni ba, ka tashi ka tafi.

Ya abin alfaharina, ni 'yar garin nan ce, na san wannan yawon. Maniyyaci ke yin sa idan tafiyar Makka ta matso. Wanda za a shiga da shi ɗakin tiyata yana yin sa. Tsoho yana yin sa idan ya ji jikinsa ya gaya masa wata magana. Amma tun da nake ban taɓa jin wanda ya bi dangi gida-gida yana neman gafara don zai je ya zauna a kan yashi mako guda ya sha ruwan kwakwa ba! Wa kake so ya yarda da wannan? Ni?

Yanzu duk abin da na gani na kawar da kai yana dawo mini. Ranar suna, kofi ya suɓuce daga hannunka na dama, ka ce santsi ne. Ka zauna cikin baƙi ka take bayan takalminka domin ƙafarka ta ƙi shiga. Ragon da ka zaɓa da kanka, ko tsoka ɗaya ba ka kai baki ba, kai da kake rigima da ni a kan ƙashin miya. Kuma ban manta abin da ka taɓa ba ni labari ba, cewa kana saurayi ka yi shekaru kana niƙa dutsen zinare a Tungar Daji, kana fitowa daga inji fari fat har gashin ido, kafin a gane gubar dalma ce ke ɗibar yaran ƙauyukan nan. Kai ka ce Allah Ya tsare ka, ko ciwon kai ba ka yi ba. Shin ita ce ta biyo sawu bayan shekarun nan? Ko wani abu ne daban? Ban sani ba, ni ba likita ba ce. Abin da na sani shi ne ka ce kafin mu tsallaka tsibirin za mu ɗan tsaya a cikin Legas, wai kana da 'yar hidima. Wace hidima ce wannan da ba ta da suna? A wane bene take, kuma su wa ke sa farar riga a wurin?

Ina jin tsoro. Na faɗa maka a fili, ina jin tsoro irin wanda ban ji ba ko a ranar haihuwa. Kuma ina jin haushinka, ya ruwan sanyin zuciyata, haushi mai yawa. Ka ɗauke ni yarinyar da za a rufe wa ido da hoton teku? Ka ga na iya ɗaukar cikinka, na iya naƙudar 'yarka, amma ba zan iya ɗaukar magana ɗaya ta gaskiya ba? Idan kuwa duk zargina kuskure ne, idan ƙalau kake, to ka zo ka yi mini dariya a gaban Inna da Iya Habsu, ka yi ta yi har shekara, wallahi zan fi kowa murna.

Ga nawa shirin, tun da kai ka gama naka ba ka tambaye ni ba. Zan je. Yajina da butata suna nan a ɗaure. Amma wannan 'yar hidimar taka tare za mu shige ta, ni zan zauna a kujerar da ke kusa da kai, kuma abin da za a gaya maka a kunnena za a faɗe shi. Yaya Umar Faruk ya zo, ya riƙe kayan da gaske, ya ga yadda ake yi. Bayan nan, ko me aka ce, mu shiga kwale-kwalen, ka zo da hula mai zurfi, ka nuna mini ruwan da ba shi da gaɓa. Kai da bakinka ka ce makon nan namu ne kowace shekara, ba bana kaɗai ba. To na riƙe ka a kan wannan. Ban shiga watandar nan don in riƙa zuwa ni da yayana muna kallon ruwa ba.

Saura magana ɗaya. Na lura kowa ka bi ka nemi yafiyarsa, ban da ni. Na san ka, na san ba mantawa ka yi ba. Ajiye ni ka yi sai ƙarshe. So kake sai mun zauna a kan yashin nan, teku na gabanmu, alkawari ya cika, sannan ka juyo ka ce in yafe maka, ka ji ka sauke kayanka duka, ba sauran abin da ya riƙe ka.

To ka sani tun yanzu, ba zan yafe ba. Tsokanar da ka yi mini a gulbi ban yafe ba. Cewa da ka yi na yi ƙiba ban yafe ba. Wannan ɓoyon kuwa, shi ne babba. Abin da ke tsakanina da Ubangijina game da kai, Shi kaɗai Ya sani, amma da bakina ba za ka ji kalmar nan ba bana. Ka tambaye ni a bakin tekun, zan ce maka sai baɗi. Baɗi idan makonmu ya zagayo ka sake tambaya, zan ce sai wata shekarar. Haka za mu yi ta yi har yarinyar nan ta girma ta riƙa riƙe mana kaya, har furfura ta cika maka gemu, har sai an ɗauke mu cak an sa a kwale-kwalen saboda tsufa. Ranar nan, in Allah Ya kai mu, sai ka durƙusa yadda ka durƙusa wa Malam Dalhatu, in duba in gani.

Kafin nan kuwa kana da sauran aiki a wurina, Abdulbasit. Ga shi na rubuta sunanka, abin da ban taɓa yi ba, don ka san da kai nake. Ka zo Gummi ka gaya mini gaskiya.

Taka a lafiya da rashinta, a wannan gaɓar da kowace gaɓa, wadda ba ta da wani sai kai kuma ba ta shirya sallamarka ba,

Shafa'atu