Ƙ Babba

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ta gama rubuta littafin karatun 'yan ajinta, tana so ya buɗu a waya. Fayil ɗin da ke ɗauke da zanen haruffan ya yi nauyi. Na ce ta bar min. Akwai manhajar da ake ba wa rubutu, ta ajiye haruffan da ta gani a ciki, ta zubar da sauran. Da kaina na koya, ba wanda ya zaunar da ni a aji.

Talata, 4 ga Maris

Kanun labari na uku, ƘARYAR INNA, ya fito da akwati a gurbin Ƙ. Na hau dandalin masu manhajar na zazzage musu. Na ce sun ɗauka duniya ta ƙare a harshensu, haruffanmu masu ƙugiya shara ne a wurinsu. Har da kiran matar da ke kula da ita makauniya.

Ba ni da lokacin jira. Na buɗe jadawalin da ke haɗa kowane harafi da zanensa, na tura Ƙ wajen zanen K. Akwati ya ɓace. Wa zai lura?

Alhamis, 6 ga Maris

Yara sun lura.

Shugabar makaranta na zaune a bayan aji, ta zo ganin ko za a ba sauran azuzuwa littafin. Wata yarinya ta miƙe ta karanta abin da ke gabanta tsaf: karyar Inna. Wani ya fara haushi, aji ya ɗauka.

Yaya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye wayar kusa da kwanona ta ce, "Injiniya, tun yaushe Inna ta fara kiwo?" Na ce laifin masu manhaja ne. Ta ce to.

Shugabar ta ba Yaya wa'adi zuwa Laraba ta gyara.

Juma'a, 7 ga Maris

Matar da ke kula da manhajar ta amsa. Ba zagi. Tambaya ɗaya: rubutun da na ba manhajar, akwai Ƙ babba a ciki?

Na duba. Babu. Cikin labaran kawai na zuba mata, kanun ban sa ba, kuma ko jimla ɗaya ba ta fara da Ƙ ba. Abin da na ce ta zubar ta zubar. Ni na jefar da harafin, sannan na fita titi ina ihun an yi mana sata.

Asabar, 8 ga Maris

Ban buɗe dandalin ba. Zagin yana nan, da hotona a gefensa.

Talata, 11 ga Maris

Na sake rage fayil ɗin haruffan. Ɓ, Ɗ, Ƙ, manya da ƙanana, na sa su da hannu, na mayar da jadawalin yadda yake. Na kai wa Yaya na ce ta duba kafin gobe. Ta ɗaga gira: "Kai ne kake cewa a duba aikinka?" Ta samo kuskure biyu. Na gyara su.

Laraba, 12 ga Maris

An karɓi littafin, aji ɗaya tukuna, a gwada. Da azuzuwa uku za a ba.

Na rubuta wa matar mai kula da manhajar cewa laifina ne. Zagin ban goge ba, na bar shi, na sa amsata a ƙarƙashinsa kowa ya gani. Ta ce in turo mata kalmomin da ƙugiya ke canza wa ma'ana, su riƙa gwaji da su. Na tura baƙi da baki. Ta ce na gode. Ban san me ya sa na daɗe ina kallon allon ba, wataƙila gajiya ce.