Mazarƙwaila a Aljihu

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara? Ya kuma ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Da safen nan na auna sukarin Baba, ya daidaita. Amma shekaranjiya mun sha da ƙyar. Muna gonar hanyar Dogon Dawa, na yi masa allurarsa, zai sa hannu a ɗumame ke nan sai ga ƙarar babura daga daji. Muka bar kwanon, muka kwanta cikin dawa. Can sai zufa ta karyo masa, jikinsa na rawa, yana ƙwala wa marigayiya Inna kira. Sukarin ne ya faɗi, tunda an yi allura bai ci komai ba. Na toshe masa baki, na lalubo guntun mazarƙwaila a aljihuna na tura masa. Mutanen suka wuce ba su waiwayo ba.

A hanyar gida ya ce, "Kai Sani, in suka ɗauke ni, kada ku sayar da gonar nan. Babu allura a daji, gawa za ku fanso." Na ce ya bari, ya yi dariya.

Ya ƙi zaman gida, ni kuma ban san ko daidai nake yi ba da nake ƙyale shi.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Gwaggo da kowa.

Ƙaninki, Sani

Aikin gobe:
Sauya ruwan tulun da allura take ciki, kada zafi ya lalata ta.
Ɗinka wa rigar Baba aljihun ciki na sa mazarƙwaila.
Komawa gonar ɗauko kwanon.