Mun Hau Mizani Ni da Tukwanena

Laraba, 1 ga Zulhajji 1393

An ga wata. Shekara da shekaru ina dafa wa alhazan ƙasarmu tuwo a Mina, kullum a bayan motar haya nake zuwa, ina rungume da tukunya. Bana Hamad, mijin 'yata Sauda, ya ce shi zai kai mu a wanet ɗinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya ɗaura mata ƙaramar tirelar da ya saya. To. Haifaffen Jidda ne, makanike, Hausarsa rabi Larabci. Ban ƙi shi ba. Ban dai saba da shi ba ne.

Alhamis, 2 ga wata

Na daka kuka da daddawa. Duk unguwarmu Ammariyya, a nan Jidda, ta san ni Dela za ni Mina.

Asabar, 4 ga wata

Mun yi lodi ni da Sauda tun bayan asuba. Buhunan gero da shinkafa, manyan tukwane, gangunan ruwa, itace, turmina da na taho da shi daga Madani ta ƙasar Sudan. Na sa masu nauyi can baya don a yi saurin saukewa. Ya yi kyau ƙwarai.

Hamad ya zo, ya zagaya, ya tsuguna ya duba tayoyi, ya daɗe. Ya ce, "Khala, bukra sai mizani," wato inna, gobe sai sikeli. Na ce wa Sauda ta tambaye shi, sayar da mu zai yi? Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba.

Lahadi, 5 ga wata

Yau na ga abu.

Wani fili ne kusa da tashar jirgin ruwa, inda ake auna motocin hatsi. Faffaɗan ƙarfe a ƙasa, mai awon yana cikin rumfa. A hanyar zuwa na ji tirelar tana kaɗa wutsiya in mun ɗan yi gudu.

Na buɗe ƙofa zan sauka, Hamad ya ce, "La, la, Khala, ki zauna. Yadda za mu tafi haka za a auna." Ni Dela, da furfurata, a kan sikeli kamar ragon layya! Na ja mayafi na rufe fuska. Direbobi na kallo.

Sun auna mu haɗe. Aka kwance tirelar aka auna ta ita kaɗai, aka auna motar. Har bakin tirelar, wurin da ake maƙala ta, sai da ya auna. Ya kwatanta da abin da aka buga jikin wani ɗan ƙarfe a gefenta. Ta yi nauyi sosai, kuma nauyin duk a baya.

Mai awon ya leƙo ya nuna turmina da babbar tukunya, wai a ajiye su, halas, an gama magana. Ba turmi ba tuwo, ba tuwo me zan je yi? Tsofaffin nan da ke zuwa daga Katsina da Damagaram, ba sa iya cin abincin nan, ni suke nema.

Hamad ya ce masa turmi ba ya sauka. Da Hausa ya faɗa, don in ji.

Ya tuntsurar da ruwan gangunan, ya ce ma cika a Makka. Aka sake aunawa, da saura kaɗan. Sai ya ciro gadonsa na ƙarfe da akwatin ƙanƙararsa, wanda yake ji da shi kamar me, ya bar wa mai awon ajiya. Ya jera buhuna daidai kan tayoyi, ya ɗan matso da su gaba, ya ɗaure. Rigarsa sharkaf da gumi.

Awo na uku ya yi daidai. Ya ce, "Yalla, Khala." Ni dai na ce sannu.

Litinin, 6 ga wata

Na ce wa Sauda a ina mijinta zai kwana ba gado? Ta ce a tabarma, kamar kowa.

Talata, 7 ga wata

Mina. Lafiya lau. Manyan motoci suna wuce mu da iska, tirela ko gezau. Wai na yi barci a hanya. Ni da ban taɓa runtsawa a mota ba.

Juma'a, 10 ga wata

Sallah. Hannuna ya mutu da tuƙin tuwo. Wata tsohuwa 'yar Gaya ta ci tuwo tana kuka, ta ce tun da ta bar gida sai yau ta ƙoshi. Hamad ke jido ruwa, ba wanda ya sa shi.

Talata, 14 ga wata

Gida. Alhamdu lillahi. Jiki duk ciwo, rai fes.

Hamad ya tafi karɓo gadonsa. Na soya hanta da albasa, na rufe a kwano na ce Sauda ta ajiye masa. Ta tsaya tana kallona. Na ce ragowa ce, kar ta lalace.

Ba ragowa ba ce. Sai da na je har kasuwar Balad na zaɓo ta.