Matajin da Na Tsinta a Kan Gada

Ballymorrin,
9 ga Nuwamba, 1978.

Zuwa ga Yayana Fergal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Orla da yara, da fama da sanyin Boston. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan shanu lafiya, dankali ya yi kyau bana, Gwaggo Philomena na nan da surutunta. Ni ce dai hankalina a tashe.

Ka tuna matar nan mai farin gashi da ake ba mu labari muna yara, wadda ke taje kai a bakin kogi tana kuka idan mutuwa ta doso gidanmu? Watan jiya malamar makaranta ta zo da rikoda tana ɗaukar labaran tsofaffi. Baba ya ba ta wannan labarin, ya ce duk wanda ya ɗauki matajin matar sai ta zo karɓa, kuma ba ta komawa ita kaɗai. Ina gefe ina ta dariya.

To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar kasuwar shanu ina dawowa na ga farin mataji a kan gada. Na zaci na Gwaggo ne, ka san ta da yar da kaya, sai na jefa a kwando. Kaico, ni da aka haifa a garin nan! Baba na ganinsa a kan tebur ya ajiye shayinsa, ya tambaye ni ko da hannuna na ɗauka. Na ce to da ƙafa zan ɗauka? Bai yi dariya ba. Ya ɗauko awartakin murhu ya kama matajin, ya ce wanda ya mayar da shi, shi matar take gani, don haka ba ni za ta gani ba. Na roƙe shi kada ya je, har da kuka. Haka ya fita cikin ruwan sama, tsoho ɗan shekara tamanin da uku, ya kai shi gada.

Tun ranar yana kwance da tari, yau kwana shida, ko romo ba ya sha. Likita ya ce mura ce. Fada Considine, limamin cocinmu, ya ce camfi ne, in ji tsoron Allah, amma na lura da zai koma ta bayan kasuwa ya zaga, bai bi gada ba. Yaya, tsoro nake ji. Idan wani abu ya same shi, ni na jawo.

Don Allah ka taho gida, kada ka jira Kirsimeti. Baba ya ce in rubuta maka cewa garau yake, ga shi na rubuta. Amma jiya ya sa na goge masa baƙin takalminsa, wanda rabonsa da shi tun jana'izar Mama, ya ce in ajiye kusa da gado.

Ka gaida Orla, da Declan da ƙaramar Sorcha. Gwaggo na gaishe ku. Na tambaye ta, ta ce ita ba ta taɓa mallakar farin mataji ba.

Ƙanwarka,
Nuala