Nauyin Guga a Bakin Rijiya

Ingila, Janairu 1976

Yaya Maimuna,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi, kada ki faɗa wa Inna zancensa.

Maƙalata kan koyar da kimiyya ta dawo daga mujalla. Malamai biyu suka duba ta, ba mu san juna ba. Ɗaya ya tambaya: in guga ya fito daga ruwa ya ƙara nauyi, me yaran garinmu Kusada, da na ambata a ciki, ke cewa dalili? Ni kuwa ban taɓa tambayarsu ba.

Don Allah ki tambayi 'yan ajinki, ki rubuto mani yadda suka faɗa, kada ki gyara. Sai an buga maƙalar za a sallame ni daga karatun nan, amma wallahi ni kaina na ƙosa in ji.

Ƙanenki,
Amiru