Zumar Inna Ta Iso

Kumasi

Zuwa ga Yaya Ummaru, Mawashi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya damina?

Ni lafiya lau. Ƙaninmu Abdulmannan yana asibiti tun ranar da bango ya faɗo masa a wurin aiki. Ana kula da shi, kada ku damu. Sai dai sukarin jininsa ya hau, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Na gaya wa likita babu mai ciwon suga a gidanmu. Ya ce ba gado ba ne, rauni mai tsanani ne ke jawo haka, kuma muddin sukarin bai sauka ba, ƙafar za ta yi wuyar warkewa.

Zumar da Inna ta tofa wa addu'a ta iso, amma sun hana a ba shi. Jiya ya ga kwalbar, ya ce, "Yaya, ko a yatsa ne." Na mayar da ita jaka.

Idan Inna ta tambaya, ka ce zuma ta iso. Kada ka ƙara komai. A ci gaba da addu'a.

Ƙaninka,
Abdullatif